Hoton Inna a Gonar Gero

Madawa, watan Sha'aban, 1938

Zuwa ga ƙanwata Mariama a Kumasi, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauke ki lafiya. Mutanen garinmu Tama duk lau suke, gero ya yi kyau bana, ni ma ina nan ina koyarwa a lakwal, makarantar boko.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto. Bara da kaka wani Anasara mai ɗaukar hoto ya sauka wurin kumandan, Bature mai mulkin ƙasar nan, ya ce mafarkin mutane yake son ɗauka. Da ya je Tama ya tambayi Inna nata. Kin san mugun mafarki ba a faɗinsa, tofi ake yi a hagu a yi shiru. Amma baƙon kumandan ne, Inna ta ji nauyin hana shi. Ta gaya masa tana ganin marigayi Baba a gonarmu yana kiranta ta zo ta huta.

Da safe ya kai ta gonar, ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku. Ya kwantar da ita a gefen dama, fuskarta gabas, wai nan haske ya fi kyau. Ya lulluɓe ta da farin ƙyalle har haɓa, ya ce ta rufe ido. Masu girbi suna tsaye suna kallo. Babu wanda ya iya ce masa haka muke kwantar da gawa.

Na ga hoton a wata mujallar Faransa da ta zo biro, ofishin kumandan. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sun yaba hasken da natsuwar fuskar, ba su sa sunanta ba.

A Tama kuwa, Inna da ta yanke cibiyar rabin garin, yau ba mai kiranta karɓar haihuwa. Suna cewa wa zai miƙa jariri ga wadda ta riga ta shiga likkafani. Liman ya ce camfi ne, suka ce to, suka ci gaba. Watan jiya A'i matar ɗan'uwanmu Rabo ta haihu, aka ɗauko ungozoma daga Buza. Inna tana bayan danga ta ji kukan jikanta, askarta a ƙulle a bakin zane. Ta ce mini ba komai, dama idonta ya fara rauni. Idonta lafiya lau.

Na ji dangin mijinki sun ce ki haihu can. Ina roƙonki ki zo goyon ciki gida kamar kowace 'ya. Idan jariri ɗaya ya rayu a hannunta, sauran mata za su dawo. Idan ke ma kika ƙi, to an gama binne ta.

Ki gaida maigidanki Alƙasim, ki ce ni na roƙa. Iyalina Cima da Husaina suna gaishe ki. Inna ta ce kada in gaya miki komai, ta fara tara itacen wankan jego.

Naki, yayanki Barmo.