Ruwan da Malee ta zuba wa uwarta

Yaya Khaula,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da duk mutanen Gidan Dare. Yaya ƙafarta? Ni lafiya lau, zazzaɓin da na yi bai kai a faɗa mata ba.

Nan Tailan ana bikin sabuwar shekara, Songkran. Kwana uku ana watsa wa juna ruwa bisa titi, an rufe makaranta, kowa ya tafi gida. Malee, wadda muke ɗaki guda, ta ja ni ƙauyensu. Ta durƙusa ta zuba wa uwarta ruwa mai ƙamshin fure a tafin hannu, tsohuwar ta shafa kanta tana sa mata albarka. Ni ina gefe ina yi musu hoto. Wallahi sai na ji kishi ya kama ni.

Ke ma ina kishinki. Shekara biyu ke kaɗai ke zuba wa Inna ruwan alwala, ko a waya ba ta da zance sai "yayarki ta yi, yayarki ta kawo."

Don Allah gobe in kin ɗauko buta, ki ce mata wannan zubin nawa ne. Ki ɗauko mani muryarta in tana addu'a, kuma ki tabbata ta ambaci sunana.

Ƙanwarki,
Sadiyatu