Kunkurun Baba a Bakin Madafi

Daga Iyatu a Garu, Dutse, zuwa ga ƙanena Malam Idirisu a Ringim.

Gaisuwa mai yawa, tare da tambayar lafiyarka da ta iyali. Bayan haka, Idi, na yi faɗa da Lado ɗan baffanmu, kuma ban yi nadama ba.

Ka tuna kunkurun nan biyu na marigayi Baba, Dattijo da Gwaggo, waɗanda ka riƙa hawa kana yaro? Tun da Lado ya shiga gidan Baba, wani ya ce masa kunkuru ba ya tsare gida daga mugun abu sai an ɗaure shi a ƙofa. Sai ya sa ƙarfe a wuta ya huda musu gefen ƙoƙon baya, ya zura igiya, ya kafa turke a tsakiyar rana. Ba inuwa, ba ruwa, ba damar tona rami. Na tarar da hudar Dattijo ta tsage har tsutsa ta shiga. Wallahi kuka na yi. Na ɗauki wuƙa na yanke igiyar, na sa aka ɗora min su a jaki.

Yanzu suna bayan rumbuna. Ina wanke ciwon da ruwan bagaruwa, ina ba su ganyen kabewa. Gwaggo har ta koyi zuwa bakin madafi da safe ta tsaya tana kallona, kamar dai kai lokacin da kake jiran ƙanzo.

Ka gai da mai ɗakinka Luba. Haza wassalam.

*

Daga Idirisu zuwa ga Yaya Iyatu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso ni ta hannun fatake. Allah ya saka miki da alheri, domin tausayin dabba abin lada ne. Sai dai ina jin tsoro, Yaya. Ruwa ya ɗauke a nan tun gero bai fid da kai ba, kuma tun da Nasara suka kawo jirgin ƙasa Kano, mutane da yawa suka rage hatsi suka shuka gyaɗa. Ke ga ki ke kaɗai tun rasuwar maigidanki. Shawarata ki kai su gindin duwatsu ki sake su, ki taho wurinmu tun hanya tana biyuwa.

Allah ya ƙara miki lafiya. Wassalam.

*

Daga Iyatu zuwa ga Idi.

Gaisuwa. Malam mai shawara, na ji. Na ma kai su gindin duwatsun. Da gari ya waye na tarar da Gwaggo a bakin madafi, Dattijo kuwa ko motsawa bai yi daga inda na ajiye shi ba. Dabbar da ta tsufa a hannun mutane ba ta san daji ba. Na sake kwaso su.

Yunwa ta shigo sosai. Tafasa da yaɗiyar da nake tsinko musu, yanzu mata ne ke rige-rige a kai, wasu har gidan tururuwa suke tonawa don ƙwayar hatsi. Idan na samu dusa sai in raba uku. Maƙwabta suna cewa na zautu. Wataƙila gaskiyarsu ne, amma su kaɗai suka rage min waɗanda suka san muryar Baba.

Ga babban abin. Ɗan Lado ƙarami ya rasu, Allah ya jiƙansa. Lado ya zo ƙofar gidana a gaban jama'a ya ce, "Yaya Iyatu, ke kika yanke igiyar, kika buɗe wa mutuwa gidana." Na ce masa, "Lado, gidaje nawa aka yi rashi a Garu, duk ni na yanke musu igiya?" Sai ya fashe da kuka. Tun daga ranar ba mai shigowa gidana ko ɗibar wuta. Abin yana ci min rai, Idi, don ni ma ina son yaron nan.

Ka yi mana addu'a. Wassalam.

*

Daga Iyatu.

Gaisuwa, Idi. Ka yi haƙuri da rubutun.

Dattijo ya mutu, ciwon bai taɓa rufewa ba. Na binne shi don kada a ci. Gwaggo kuwa ta tona rami a ƙarƙashin rumbu ta shige, na kira har na gaji. Lado ya dawo da fartanya zai tono ta ya mayar turke. Na zauna a bakin ramin na ce sai dai ya fara da ni. Ya juya ya tafi.

Ka ce in zo Ringim, amma fatake sun gaya min ku ma sau ɗaya kuke ɗora tukunya. Ba zan zo in ci rabon 'ya'yan Luba ba. Gobe ayari zai yi kudu, an ce can akwai rogo, zan bi su. Na sayar da jakin, Gwaggo kuma ta fi turmi nauyi, ba zan iya ɗaukarta ba. Na ɗora faifai a bakin ramin, na watsa ƙasa a kai. Idan ruwa ya sauka za ta fito ta nemi bakin madafi. Ka zo ka tarbe ta, don Allah, kuma kada ka bari a ɗaure ta.

Ka yafe min faɗan da na sha yi maka. Wassalam.

*

Daga Idirisu, a gidanki na Garu, zuwa ga Yaya Iyatu, duk inda take.

Gaisuwa da girmamawa. Ruwa ya sauka, na zo. Ɗakinki ya rufta, Lado ma ya tashi da sauran iyalinsa. Gwaggo ta fito, ta rame ƙwarai. Ina kai mata ɗanyar ciyawa bayan rumbu, ba ta taɓawa. Kowace safiya sai ta ja jiki zuwa bakin madafi ta tsaya. Babu igiya a jikinta.

Mutum uku daga ayarinku sun dawo, ba wanda ya iya gaya min inda aka rabu da ke. Zan ba fatake wannan takarda su riƙa tambaya a zango-zango. Yaya, daga hannuna ba ta ci.

Wassalam.