Kwamfutar Baba da Aka Manta a Rabon Gado

Gaya, Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Abdullateef,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Maijidda da yara. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya sa albarka a nemanka, Ya kare ku a garin mutane. Ya jiƙan Baba da ɗan'uwanmu Muhsin, Ya kai haske kabarinsu. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, ran da ya lafa har ƙofar gida take kaiwa, ran da ya motsa kuwa sai salla a zaune. An gama yankan gero a gonarmu ta Gafasa, bana bai kai na bara ba, amma ba a raina abin da Allah Ya bayar. Wake ne ya yi kyau, kuma da na ji Bala direba zai yi lodinsa zuwa Fatakwal, na ce to, ga ɗan aike ya samu. Akwai ƙunshin kuka da daddawa a hannunsa, Inna ta ce na Anti ne.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Wayar ce ta gajiyar da ni, Yaya. In na kira ka, ko dai kana cikin hayaniyar wurin aiki, ko ka ce za ka kira anjima, anjimar da har yau muna jiran ta. Ran da kuma aka yi dace ka saurara, kafin in kai rabin magana sai ka ce in yi yadda na gani. Na daɗe ina yin yadda na gani, a rufin ɗakin Inna, a takin gona, a asibiti, ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Wannan karon ne ganin nawa bai isar ba, shi ya sa na zauna na rubuta, domin ita takarda ba a katse ta.

Maganar Raihana ce, 'yar marigayi Muhsin da ke hannuna. Ka san bara ta zauna jarrabawar shiga jami'a ba ta samu ba. Ba karatun ne ya gagare ta ba, yarinyar nan kanta yana ja, kowa a makarantarsu ya shaida. Da kwamfuta ake jarrabawar yanzu, ita kuwa hannunta bai saba ba. Ta ce min tana ganin amsar a gabanta, amma kafin ta lallaɓa ta latsa wannan ta koma wancan, lokaci ya ƙare. Da ta dawo ba ta ci abinci ba ranar. Na lallashe ta, na ce bana ba za mu fafe gora ranar tafiya ba, tunda ga kwamfutar Baba a ɗakin Inna tana zaman banza. Muka yaye zanen da aka lulluɓe ta da shi, muka sauke kwanukan da Inna ta jera a kai, aka saka mata tambayoyin gwaji. To, ka dai san ta, tun Baba yana aiki a sakatariyar Ajingi ya saye ta, kuma a lokacin ma ba sabuwa ba ce. In Raihana ta kunna ta, sai ta je ta gama wanke-wanke ta dawo tana nan tana nishi. Ko Inna da ciwon ƙafarta ta fi ta saurin tashi. In ta gama buɗewa da ƙyar, a amsa tambaya biyu ta tsaya cak, ko kuma a ɗauke wuta, a koma gidan jiya.

Na kira Usaini mai gyara, wanda ke da shago a bakin kasuwa, ya zo ya buɗe ta. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a ƙara mata abin da suke ce wa ram, wato abin da ke sa ta sauri, a kuma canza mata rumbun ajiya don nata ya gaji. Wannan ba tsada, kwasar adashina ɗaya za ta ɗauke shi har da ragowa. Amma ya ce in ji tsoron Allah kada in zo in kama shi daga baya, domin tsohuwa ce, yau a gyara nan gobe can ya ɓalle, kuma duk gyaran da za a yi mata ba zai sa ta yi aiki babu wuta ba. Ta biyu, in ba shi ita ya cire abin da zai mora, in yi ɗan ciko, ya ba ni laftof ta hannu mai riƙe caji, wadda ko wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba sai a kai ta wurin mai cajin waya. Ita ma ya ce ba zai rantse a kanta ba, kayan hannu sa'a ne. Na yi kwanaki ina juya abin a raina. In na tuna araha ba ta ado sai in karkata ga musayar, in kuma na tuna masu cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri, sai jikina ya yi sanyi. Daga ƙarshe dai na tsaya a kan musaya, saboda wutar nan ita ce babbar matsalarmu.

Ranar da Usaini ya zo ɗaukar ta, ya riga ya ɗora akwatin kwamfutar a bayan babur yana ɗaurewa, sai ga Baffa Ɗahiru ya iso daga Gafasa, ya zo duba Inna. Ya tsaya ya dubi kayan, ya tambaye ni ta wace ce. Na ce ta gida ce. Ya ce gida ba ya mallakar komai, ta wace ce a cikinmu. Na ce ai ta Baba ce. Ya yi salati, ya nemi wuri a dakalin ƙofar gida ya zauna. Ya ce shi ya raba gadon yayansa da hannunsa, ya sa aka yi wa gona kuɗi, da awaki, da keke, da littattafai, har rigunan sawa, amma bai taɓa ganin wannan abu ba. A nan ne na tuna yadda aka yi. Ranar rasuwar Baba, da mutane suka cika gida, an kwashe kayan ɗakinsa don masu gaisuwa su sami wurin zama, aka shigar da kwamfutar ɗakin Inna. Da aka zo rabo Inna tana cikin takaba, babu namijin da ya leƙa ɗakinta, mu mata kuma ba wadda ta kawo a ranta cewa abin da aka lulluɓe aka ɗora wa kwanuka dukiya ce. Haka ta tsallake rabo ba da nufin kowa ba.

Na yi ƙoƙarin nuna wa Baffa cewa abin nan ko kuɗin ɗan akuya bai kai ba. Ya ce ko allura ce, gado gado ne, kuma shi za a fara tambaya gobe kiyama tunda shi ya yi rabon. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne Muhsin ya rasu bayan Baba, ke nan yana da kaso a ciki, kason nan kuma ya gangaro kan Raihana. Dukiyar marainiya ke nan. Ya karanto min ayar masu cin dukiyar marayu har idonsa ya kawo ruwa. Na ce to a bar musayar, in gyara ta da kuɗina. Ya ce wannan ma cakuɗa dukiyata ce da ta magada, kuma duk abin da aka cire daga cikinta aka jefar, akwai haƙƙin yarinya a jikinsa. Usaini dai ya kwance igiyarsa ya mayar da akwatin ɗaki, ya hau babur ɗinsa ya tafi yana murmushi. Ka duba wannan al'amari, Yaya. Don Raihana ake son taɓa abin, kuma saboda Raihana aka hana taɓa shi. Na ji haushin Baffa ranar, ba zan ɓoye maka ba, amma na san ba mugunta ba ce, tsoron Allah ne, kuma ba ni da hujjar da zan ce ya yi kuskure.

Ya ce mafita mai sauƙi ce, kowane baligi cikin magada ya faɗa da bakinsa ya yafe kasonsa ko ya yarda a sayar. Inna ta yafe nata, ko da yake sai da ta yi hawaye, ta ce tana tuna yadda yake zama gabanta da tabarau a kan hanci yana buga wa Islamiyya takardun jarrabawa da yatsa ɗaya. Ni na yafe nawa tun a tsaye. Na hau babur har Kademi wurin Ummu Salma, mahaifiyar Raihana, inda take aure yanzu, tunda ita ma tana da gado a kason Muhsin. Hanyar nan ta jijjiga ni har sai da na kwana biyu ina jin bayana. Ummu Salma ta yi dariya ta ce a kan wannan tsohon akwatin na sha wannan tafiya, ta yafe duniya da lahira. Saura kaso biyu, naka da na Raihana. Ita Raihana, Baffa ya ce ba ta da ikon yafewa ko sayarwa da kanta tukuna tunda ba ta yi aure ba, sai wanda mahaifinta ya bar wa amanarta. Kai ma ka san wane ne. Muna tsaye a asibiti Muhsin ya kama hannunka ya ce ga 'yarsa nan.

Shi ne na kira ka ran nan, ka ce in yi yadda na gani. Na ɗauki wannan amsa da murnata na kai wa Baffa har Gafasa. Ya tambaye ni ko ka san a kan me ka ba da izinin, ko na gaya maka akwai haƙƙin marainiya a ciki. Ƙarya ba ta da amfani, na ce ban kai nan ba ka kashe wayar. Ya ce to wannan ba izini ba ne, sallamar mai magana ce. Na dawo gida a gajiye, ban ma iya ba Inna labari ba sai washegari.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba kuɗi ba ne, cikon na ɗauke shi. Ka kira Baffa da kanka, ko ka rubuta layi biyu ka ba Bala ya dawo da shi. Ka faɗi matsayinka a kan kasonka, sannan ka faɗi abin da ka zaɓa wa Raihana a matsayinka na mai riƙon amanarta, gyara ko musaya. In shawarata kake so, a yi musaya, a sa laftof ɗin da sunanta ta zama tata ita kaɗai, kowa ya huta. In kuma ka ga gyaran ya fi, don kada abin Baba ya bar gida, wallahi ba zan yi musu ba, da babu gara ba daɗi. Abin da ba zan ƙara karɓa ba shi ne a mayar min da maganar in yanke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma wannan ɗakin ba nawa ba ne ni kaɗai. Na gaji, Yaya. Ba aikin ne ya gajiyar da ni ba, yanke hukunci ni kaɗai a kan abin da ya shafe mu duka ne. An kusa buɗe rajistar jarrabawa, kuma hannu ba ya sabawa da abu a mako guda.

Inna tana gaishe ka ƙwarai, ta ce ka ji tsoron Allah ka zo da Babbar Salla ko da kwana biyu ne. Baffa Ɗahiru yana gaisuwa, ya ce yana sauraronka. Ka gaishe min da Anti Maijidda, Allah Ya saka mata da alheri a kan atamfar da ta aiko. Ka shafa min kan Ikrama da Muslima, ka ce Gwaggonsu tana tambayar inda suka kai a hadda. Maigidana ma yana miƙa gaisuwarsa.

Da na zo rufe takardar nan na kira Raihana, na tambaye ta ko tana da saƙo zuwa ga Babanta na Fatakwal. Ta sunkuyar da kai ta ce a gaishe ka. Sannan ta ce in gaya maka kada ka wahalar da kanka, ta riga ta je wurin Indo mai ɗinki ta roƙa a ɗauke ta koyo, tunda ba ta so wani ya shiga wuta saboda ita. Ban san ta je ba sai yau. Ta ce jarrabawar ta haƙura da ita. Shekararta goma sha bakwai, Yaya, kuma ta faɗi maganar nan ba ko hawaye. Ita ta haƙura, ni ban haƙura ba, kuma ban yi zaton Muhsin haƙuri ya damƙa maka ka koya mata ba.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Suwaibatu.