Daga Jirgin da Kotu ta Tsare

Zuwa ga Nasiratu, farin watan sha huɗu, sanyin idona, ruwan randa a zafin Doha.

Saƙonki ya iso. Kalma ɗaya tak: khalas, wato an gama. Haba, tauraruwata! Ko alƙalin teku, duk da zafinsa, sai da ya saurari lauyoyi kafin ya yanke hukunci.

Kin ce na guje ki. Ina zan gudu? Wani jirgin dakon siminti ya gogi ɗan'uwansa a bakin tasha, masu shi suka noƙe, alƙali ya sa hannu a tsare shi. Jami'in kotu ya zo a kwalekwale, yana riƙe da hularsa da cikinsa, ya manna takarda a ƙofar kyaftin, ya ce kamfaninmu ya kawo mai gadi. Aka duba duk Sanaiya, unguwar ma'aikata, ba a ga wanda ya dace ba sai masoyinki. Aikina in hana jirgin tserewa. Jirgin da injinsa ya mutu tun kafin azumi!

Kin tuna Juma'ar da muka sha shayi a bakin ruwa, iska tana wasa da gefen mayafinki, kika ce ke dai Allah ya ba ki namiji mai zama wuri ɗaya? Ya ke mai addu'a karɓaɓɓiya, da kin ɗan rage mata ƙarfi!

Kowa a shari'ar nan yana da aikinsa. Magatakarda yana ɗage zama, ya sake ɗagewa, ya tafi hutu. Mai binciken kotu ya hawo da farin takalmi, ya auna lotsewar ƙarfe, ya ɗauki hoton tsatsa ta kowace fuska, har tukwanen kuku ya rubuta. Ni kam ya ce in matsa, ina tare masa haske. Da magariba nakan ga benayen West Bay sun kunna fitilu, jiragen sama suna tashi daga filin jirgi na Hamad inda kike aiki, in tsaya kamar balbela a kan turke ina tambayar kaina: wanne ne zai kai ki Gusau bayan sallah, inda Babanki ya ce ki zo masa da magana tsayayya kan aure?

Yanzu alƙali ya ba da umarni a yi gwanjon jirgin. Ki taya ni roƙon Allah ya kawo mai son tsatsa. In bai zo ba kafin tafiyarki, wallahi zan tuɓe kakin nan in bi kwalekwalen da ke kawo mana ruwa, kafil, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ya yi abin da zai yi. Gara in durƙusa gaban Baba ba ni da aiki, da in ji labarin ɗaurin aurenki ina gadin siminti.

Naki, a tudu ko a ruwa, har ranar da za a naɗe ƙasa,
Kamil