Ƙarfen da Ke Tokare da Ƙofar Awakina

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karanta shi, manyanku da yaranku. Ku sakaya sunana, kuma don girman Allah kada wanda ya yanke mini hukunci sai ya ji ƙarshen zance. Ni tsohuwa ce daga wajen Bungudu, ban taɓa riƙe biro ba. Maƙwabciyata, malamar asibiti, ita ke rubutawa ina faɗa, bayan na sa ta rantse maganar ba za ta fita da sunana ba.

Ina da jika, bari in kira shi Ɗanjuma. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya uku. Ubansa, ɗana na fari, da Allah ya karɓe shi a-kori-kura ɗaya ya bar mana, ita muke ci, ita muke sha. Kullum ta Allah tana bisa hanya: yau dawa daga Rawayya zuwa Gusau, gobe barkono zuwa Tsafe, jibi ta kutsa rairayin Wanke ta kwaso gero. Shekara da shekaru hannu ɗaya ke taɓa injinta, na wani bakanike da zan kira Bawa, abokin marigayi, mutumin da furfura ta fito masa a ƙarƙashin mota.

Ana nan, ana nan, sai Ɗanjuma ya faɗa hannun wasu 'yan zaman benci a tasha, masu matsattsen wando, waɗanda ko tayar keke ba su mallaka ba amma sun haddace sunan kowane ƙarfe daga cikin waya. Su suka hure masa kunne da wani abu wai shi kamshaf. Da safe kamshaf, da azahar kamshaf, tuwo a bakinsa kamshaf. Ran nan ya zauna a bakin tabarmata yana washe haƙora.

"Amarya, kamshaf na gudu zan sa wa motar nan. In na taka, kafin ki gama dama fura na kai Tsafe."

Na ce, "To maigida, buhunan ne suka ce maka suna sauri?"

"Ke ba ki san hanya ba yanzu. Mai gudu shi ke kwana gida."

Wannan ban musa masa ba, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Amma na ga idonsa. Ba tsoron hanya ne a ciki ba, so yake in ya shigo tasha 'yan benci su miƙe tsaye. Ya sa aka turo ƙarfen daga Kano cikin kwali, kai tsaye garejin Bawa, don dama tsohon da ke cikin motar ya cinye, dole a canza.

Ni kuwa na yafa mayafi na tafi garejin da ƙafata. Na ce, "Bawa, faɗa mini tsakaninka da Allah, mene ne wanga abu?" Ya ɗauko wani dogon ƙarfe mai ƙulu-ƙulu a jiki kamar gaɓar rake, ya ce, "Inna, shi ke buɗe wa inji baki ya shaƙi iska, ya kuma rufe. Na gudu yana barin bakin a buɗe ya daɗe. A kan kwalta, ba kaya, an take ta har ƙasa, sai ta tashi sama. Amma a ɗora mata buhu a ce ta ja a hankali cikin rairayi, ba ta da ƙarfi, sai rawar jiki, sai mutuwa, ga shan mai." Na ce ka faɗa masa? Ya ce, "Sau uku. Ya ce na tsufa." Ku ji fa! Motar da rabin rayuwarta a rairayi take, ita za a sa wa ƙarfen masu tsere? In ta mace a tsakiyar daji da kaya, 'yan benci ne za su zo su tura?

Nan Shaiɗan ya zauna a kafaɗata, ko in ce ni na zauna a tasa. Na ce, "Sa mata irin nata na asali, mai kyau. Wancan ka ba ni." Ya ce, "Inna, zai gane, na gudu ƙararsa daban." Na ce, "Ƙara yake so? Huda masa salansa." Bawa ya ƙi, ya ƙi, har sai da na ambaci sunan marigayi na yi hawaye, ina sane da abin da nake yi. Na sa shi ya rantse ba zai taɓa faɗa ba. Na naɗe ƙarfen a tsohon zane na kawo gida, na shafe shi da laka, na tokare ƙofar garken awakina da shi, don dama iccen wurin ya karye.

Jama'a, wata bakwai! Wata bakwai Ɗanjuma yana shiga gari motar tana ɓaɓatu kamar injin niƙa, yana leƙo kai ta taga yana cewa, "Ku ji yadda take numfashi!" 'Yan benci suna kewaye ta suna gyaɗa kai, wai su masana, wani har ya dafa bonet ya lumshe ido ya ce ai daga jin bugun ya san na gudu ne. Huji suke saurare! Motar kuwa ba ta taɓa jan kaya lafiya kamar lokacin ba. Ina ɗaki ina dariya har da riƙe ciki. Ina jin kunyar faɗa, amma daɗi na ji, daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Sai makon jiya mai ya fara tsiyaya daga saman injin, Ɗanjuma yana Gusau, ya tsaya wurin wani bakanike can. Aka buɗe murfi, mutumin ya duba ya tuntsire da dariya, ya ce, "Wa ya ce maka na gudu ne? Wannan ai irin na kowa ne." Ɗanjuma bai zame ko'ina ba sai garejin Bawa. A gaban mutane, a gaban masu kawo gyara, ya nuna sa'an ubansa da yatsa ya kira shi ɓarawo, ya ce ya sayar da nasa ya sa masa na banza. Aka ce Bawa goge hannunsa kawai ya yi da tsumma ya ce, "Ban saci komai ba." Aka ce to ina ƙarfen? Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Yanzu mutum uku sun janye motocinsu daga garejinsa, 'yan bencin nan da ba su san bambancin huji da kamshaf ba su ke yawo da sunansa, kuma ran Alhamis shugabannin makanikai za su zauna a kansa. An ce in bai fito da ƙarfen ba za su kore shi daga layin.

Shekaranjiya Bawa ya zo gaishe ni. Na zaci zai roƙe ni, har na shirya abin da zan ce. Ya durƙusa, muka gaisa, ya dubi ƙofar garke, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Inna, awaki suna lafiya?" Na ce lafiya lau. Ya ce madalla, ya sa takalminsa ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kada ku ce in yi nadamar hana motar wancan ƙarfe, ban yi ba, ko gobe ba zan yi ba. Amma in na buɗe baki, jikana ya zama abin dariyar tasha daga Bungudu har Tsafe, wanda tsohuwar da ba ta san bihim ba ta yi wa wayo da huji, kuma na san zuciyarsa irin ta ubansa ce, ranar zai wanke ƙarfen ya sa a ɗaura don ya nuna mini iyakata. In na yi shiru, mutumin da ya riƙe rantsuwata ya tafi da sunan ɓarawo da furfurarsa. Malamar da ke rubuta mini ta ajiye biro yanzu ta ce, "Inna, kin cika sa mutane rantsuwa."

Yau da safe Ɗanjuma da kansa ya buɗe wa awaki. Ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu, ya jinjina shi, ya ce, "Amarya, wanga ƙarfe naki da nauyi yake, ina kika samo shi?" Na ce tsinta na yi. Ya jingine shi da bango ya tafi neman shaidun da za su tsaya masa a kan Bawa.

Yau Talata. Jama'a, me zan yi?