Kafaɗar da Na Dawo da Ita daga Kamaru

Malam, don Allah ka taimake ni, abin duniya ya ishe ni. Ni mutumin garin Sule Tankarkar ne. Da Turawa suka kwashi 'yan dako zuwa yaƙin Kamaru har da ni, na yi ta ɗaukar akwatunan harsashi a kafaɗar hagu har Allah ya dawo da ni gida. Ni dai na san a miƙe nake kamar taɓarya, amma matata Safara'u ta kafe wai na karkace. Kullum da safe sai ta jingina ni da bango, ta ɗaga min kafaɗa, ta ce yanzu na daidaita. Wallahi a lokacin ne nake jin zan kife! To, jikina zan gaskata ko ita? Rannan a kasuwar Maigatari yara suka bi ni suna kwaikwayon tafiyata. Wa ya koya musu in ba ita ba? Ina dawowa na yi mata saki uku, ta koma gidansu a Gagarawa. Yanzu na ji wani Dogo majemi yana jiran ta gama idda. Ko barci ba na iyawa. Yaya zan sa ta gane laifinta ta dawo?

Miƙaƙƙe, Sule Tankarkar

Miƙaƙƙe, sannu da wahala. Dakon yaƙi ba wasa ba ne, kuma ba ƙarya kake yi ba, abin da kake ji ke nan. Sai dai jikin da ya daɗe a karkace, karkatar yake ɗauka daidai, in aka miƙar da shi sai ya ce an cuce shi. Gobe da hantsi ka ba rana baya, ka dubi inuwarka da kyau. Yara kuwa ba sai an koya musu ba, idanu gare su.

Gyara zai yiwu. Ka koma jikin bangon nan kullum, ka jure jin kamar za ka faɗi, ka kuma daina ɗora kaya a hagu. Amma dole sai da idon wani, don abin da jikinka ke gaya maka ba shaida ba ne.

Batun Safara'u kuwa, ka cire rai. Saki uku ba ya warwaruwa don mai shi ya kasa barci. Wataƙila ta cika naci, amma duk garin sun ga kafaɗar nan suka yi ta dariya a bayanka, ita kaɗai ta sa hannu. Ka nemi wanda zai riƙa tsayar da kai a bango. Ba zai samu da sauƙi ba, don kowa ya ga sakayyar da ka yi wa ta farko.

Allah ya miƙar da kai, ya ba Dogo ikon riƙe ta da mutunci.