Ɗigo Biyu a Jikin Ƙwallo

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa aikin asibiti da kewar gida ba su takura miki ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwar mahaifiyarki ta yi sauƙi, ƙaninki kuma ya karɓe keken ɗinki, ni sai sa ido da faɗa.

Na zauna da wannan karkataccen rubutu nawa na ajin yamma ne saboda maganar da kika yi, cewa za ki ajiye aiki ki dawo, tunda 'yarki Shiru ta ƙi karɓar waya tun tafiyarki ƙasar waje. Kin ce ta manta da ke. To, dakata ki ji.

Ranar Asabar na raka ta gasar kacici-kacici ta makarantu. 'Yata, ashe duniya faɗi gare ta! A bakin yaran nan na ji cewa jariri ya fi babba yawan ƙasusuwa, kuma sawun mutanen da suka taka wata yana nan har yau, don babu iskar da za ta share shi. Na riƙe baki ina ta tasbihi, har na kusa da ni ya tambaye ni ko haƙori ke damuna.

Da aka zo tambayar raba gardama, alƙali ya ce a bayyana dalilin da ya sa ake rana a wata ƙasa alhali wata ƙasar tana cikin duhu. Sai ga Shirunmu, wadda gaisuwa ma sai an roƙa, ta miƙe. Ta ciro wata tsohuwar ƙwallo daga jaka, ta ari tocilan mai gadi, ta haska gefe ɗaya tana juya ta a hankali. Alƙali ya ga ɗigon tawada biyu a jikin ƙwallon, ya tambaye ta na mene ne. Ta ce ɗaya gidan kakanta ne, ɗayan kuma inda mamanta take. Kullum tana juyawa ne don ta san ko maman ta tashi daga barci. Makarantarsu ce ta ci, amma ni hawaye bai bar ni na ga kofin ba.

A hanyar gida na tsokane ta, na ce amaryata, duk wannan ilimi amma waya ta gagare ki? Ta ce tsoro take ji, idan kika ji kukanta za ki bar aikinki saboda ita. Na ce ta yi kukanta, ni zan riƙe mata ke.

Don haka kada ki ajiye komai. Mahaifiyarki, ƙaninki da gwaggonki suna gaishe ki. Ki kira idan gari ya waye a wurinki. Ba sai kin faɗi lokaci ba, Shiru ta riga ta sani.

Naki mai yi miki addu'a kullum,
Babanki